Gonar Baba Cikin Ambulan

Har yau ba na son ganin ambulan. In jikokina suka kawo mini katin ɗaurin aure ko takardar taro, sai in ce su farke su miƙo mini abin da ke ciki, su jefar da fatar can nesa. Suna ɗauka rigimar tsufa ce. To ba tsufa ba ne, ƙiyayya ce, kuma tana da tushe.

Turawa suna ce da ita envelope, mu muka lanƙwasa ta ta koma ambulan. A kwalejin horon malamai ma'ana ɗaya tak aka koya mana: rigar wasiƙa, wadda ake lasa a liƙe, a manna kan sarki, a kai gidan waya. Malamin da ya koya mana ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma fa ya yi mana rowa. Ya ba mu ƙafa ɗaya ta akuya ya ce ga akuya nan, mu kuwa muka yi godiya muka fito muna taƙama.

Lokacin da ake aikin madatsar ruwa ta Bakolori ina malamin firamare a Talata Mafara. Shekaruna ashirin da 'yan kai, ina da keke, ina da agogo, ina da farin wando mai kari wanda ko ƙuda ba ya sauka a kai. Ƙauyenmu yana ƙasar Maradun, ba nisa da Tsibiri. Kaf gidanmu ni kaɗai na yi boko har na ƙare, kuma ban bar kowa ya manta da haka ba.

Mahaifina gona ɗaya gare shi, amma gona ce. Tana kan gangare, ƙafarta cikin fadama, kanta bisa tudu. Da damina dawa a sama, shinkafa a ƙasa. Da rani albasa da dankali a bakin gulbi. Kakansa ya sare ta. Da masu awo suka zo da jif ɗinsu, sai suka kafa turaku masu jan fenti, wasu ƙasan gonar, wasu samanta, suka kaɗe hannu suka tafi. Ko sallama ba su yi wa kowa ba, balle bayani. Gari ya rabu biyu: wasu suka ce turakun ƙasa su ne iyakar ruwa, wasu suka ce na sama. Mu kuwa gonarmu tana tsakani.

Ana cikin wannan sai ga kawuna, wan innarmu, ya zo daga Bakura bisa jaki. Wata gona ce ta faɗo masa gado a can kan tudu, inda aikin bai taɓa ba, shi kuma ya tsufa, ba ya iya noma biyu. Ya ce wa Baba ya taso da iyalinsa ya karɓa. Amma akwai wani maƙwabcinsa da ke ta yi masa zarya a kanta, don haka yana son amsa kafin ruwan farko ya sauka. In an yi ruwan shuka bai ji daga gare mu ba, zai ba wancan.

Baba ba zai iya riƙe biyun ba, tsakaninsu tafiya ce mai nisa. Ko ya kwashe rumbunansa ya koma Bakura, ko ya zauna. Abu ɗaya yake son sani: ruwa zai ci gonarsa ko ba zai ci ba. Ya aika aka kira ni. Ya ce, “Malam, karen bana shi ka maganin zomon bana. Ka tahi wurin Nasaran ga ka tambayo mani. Kai ka jin bakinsu.”

Na zauna na tsara wasiƙa da Turanci, na zuba mata manyan kalmomi har ni kaina na ji tsoron kaina. Na sayi ambulan fara sol a gidan waya na Mafara, na liƙe, na hau keke sai sansanin kamfani.

A bakin ofishin masu awo na tarar da ɗan baffana. Masinja ne a wurin. Tare muka shiga makaranta, shi ya gudu daga aji huɗu, kuma tun daga nan ba ma ga maciji. Yana zaune kan benci cikin kakinsa, ya ɗora ƙafa kan ƙafa sai ka ce da kuɗin ubansa ake gina dam ɗin. Muka gaisa, gaisuwar da ba ta wuce haƙora ba. Na miƙa masa wasiƙar na ce ya shigar mini.

Ya karɓa, ya ɗaga ta sama ya haska da rana, ya lallatsa da yatsu. Ya ce, “Malam, wagga ambulan taka ba ta da lahiya. Ta rame.”

Na ce, “Ban gane ba.”

Ya ce, “Duk Turancin naka? Nan wurin in an ce ambulan, ba takarda aka nuhi ba. Ka koma ka ba ta abinci, ta yi ƙiba, sannan ta iya hawa matakala.”

A nan na fara sanin cewa kalmar nan tana da fuska ta biyu, fuskar ɓarayi. Raina ya ɓaci. Na fizge wasiƙata, na ce masa maciyin amana, na ce gonar da yake neman cin hanci a kanta ita ta ciyar da ubansa. Leburori suna zaune a inuwar bango suna cin rogo, duk suka juyo. Don in ƙara ƙona masa rai sai na ƙarasa zagin da Turanci. Murmushi kawai ya yi, ya koma ya zauna.

Na tsaya cikin rana jikin jif ɗin babban mai awon, na ce ko zai kai magariba sai ya fito. Wajen azahar ya fito. Bature ne, amma ba na Ingila ba, shi ma Turancin aro yake yi. Ja wur da shi, gumi ya jiƙa masa riga, yana tafe yana goge wuya. Na tare shi na gaishe shi, na miƙa wasiƙa. Ko buɗe ta bai yi ba, ya cusa a aljihun baya. Na yi masa bayani da baki. Ya ja tsaki, ya ɗauko wata nannaɗaɗɗiyar taswira ya shimfiɗa a kan motar. Na nuna masa gulbi, na nuna masa ƙauyenmu, na nuna masa gangaren. Leburori suka taso suka kewaye mu, ɗan baffana ma ya matso. Ga malami yana Turanci da Bature, ai abin kallo ne.

Na tambaye shi ko ruwa zai taɓa gonar mahaifina. Ya ɗora yatsa a kan wani shuɗin layi da ya zagaye wurin, ya bi shi da farce, ya ce gonar tana cikin ambulan. Ya maimaita: cikin ambulan. Ya ƙara da cewa an gama, ba wata matsala.

Abin da ya cuce ni shi ne na san kalmar. Da baƙuwar kalma ya faɗa, mai yiwuwa da na daure na tambaya. Amma ambulan? Wadda na saya jiya da kuɗina? Nan take zuciyata ta kammala lissafi: abin da aka sa cikin ambulan an adana shi, an liƙe, an keɓe shi, ba mai taɓawa. Shuɗin layin nan kuwa na ɗauka ganuwa ce za a yi don a kare gonakin da ke ciki. Wani ɗan ƙaramin abu ya motsa mini a ciki, ya ce, tambayi mutumin nan me yake nufi. Na dubi leburori, na dubi ɗan baffana, na haɗiye. A ce malami bai gane ambulan ba? Na washe baki na yi ta zuba wa Bature godiya.

Shi kuma wannan jan mutum, Allah ya isa tsakanina da shi. Ya ga ina dariya. Ya ga ina godiya. Wane ɗa ne za a ce masa gonar ubansa za ta nutse ya yi godiya? Ya dube ni na ɗan lokaci, na ga ya gane ban gane ba, wallahi na gani a idonsa. Ya ɗaga kafaɗa, ya nannaɗe taswirarsa, ya shiga mota. Abincin rana yana jiransa.

Na iso gida da la'asar, na tarar da Baba a ƙofar gida da dattawa. Ko saukowa daga keke ban gama yi ba ya ce, “Mi Nasara yac ce?”

Na ce, “Baba, ya ce gonarka tana cikin ambulan.”

Wani tsoho ya ce, “Ambulan kuma? Ta wasiƙa?”

Na gyara tsayuwa na yi musu darasi. Na ce salon maganar Turawa ne. In sun ce abu yana cikin ambulan, to an killace shi ke nan, ganuwa za a yi a kewaye gonar, ruwa ba shi da hanya. Dattawa suka yi ta kabbara. Baba ya shafa gemu ya ce, “Alhamdu lillahi. Ilimi ya yi rana.” Washegari ya aika wa kawu da goro da saƙon godiya, ya ce Allah ya bar zumunci, amma shi yana nan inda kakansa ya bar shi. Ya kuma kira wasu Fulani da suka saba da shi, ya sauke su a gonar da shanunsu don taki.

Bayan kamar kwana goma ina Mafara. Akwai wani maƙwabcina, baƙo ne daga wata ƙasa, yana koyar da lissafi a sakandare. Mutum ne mai sanyin magana, mukan zauna da yamma mu sha shayi. Ina ta ba shi labarin yadda na yi da Bature, ina ƙara gishiri. Da na zo kan ambulan sai ya ajiye kofinsa. Ya ce in sake faɗa masa daidai yadda mutumin ya faɗa. Na sake. Ya ce akwai layi a taswirar? Na ce akwai, shuɗi.

Ya tashi ya ɗauko wani ƙamus mai kauri, ya buɗe ya tura mini. Kai, jama'a! Ashe kalmar nan gida ce mai ɗakuna. Ga rigar wasiƙa, wadda na sani. Ga fatar da ke riƙe iska a cikin balan-balan. Ga duk wani abu da ya lulluɓe wani abu ya rufe shi ruf. Ga kuma ta masu lissafi da injiniyoyi. Wannan ta ƙarshen ya zana mini a bayan littafi: ya ja layuka da yawa, ya ce wannan inda ruwa zai kai a shekarar fari, wannan a shekarar da aka yi damina sosai, wannan in gulbi ya yi hauka. Sannan ya ja layi ɗaya ya kewaye su duka. Ya ce wannan na wajen shi ake kira ambulan, iyakar inda ruwan zai iya kaiwa. Duk abin da ke ciki na ruwa ne.

Na ce, “Watakila ba ita yake nufi ba.”

Ya ce, “Mai awo ne, da taswira a gabansa.” Ya zuba mini wani shayin da ban iya sha ba.

To ga inda nake son mai karatu ya tsaya, don kada ya tausaya mini. Ruwan farko bai sauka ba. Hadari yana ta haɗuwa a gabas yana watsewa, amma ko ɗigo ba a yi ba. Gonar Bakura tana nan ba a ba kowa ba tukuna, don kawu mutum ne mai cika magana, ya ce sai an yi ruwan shuka. Da na je na faɗa, da Baba ya hau jaki ya je ya ba da haƙuri, da an gama.

Na kuwa tafi. Ranar Juma'a bayan an tashi makaranta na hau keke, duk hanya ina tsara yadda zan fara. Na same shi a gona, tsaye cikin kashin shanu, yana hira da wani dattijon Bafulatani. Da ya hango ni sai ya ɗaga murya ya ce, “Ga shi nan! Shi na nike ba ka labari. Shi yat tsaya gaban Nasara ido da ido.” Bafulatanin ya kama hannuna da hannu biyu yana sa mini albarka. Baba ya ja ni ya nuna mini ramukan da ya haƙa a gefen tudu, zai dasa mangwaro in ruwa ya sauka. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin ya dube ni irin duban ranar ba.

Na buɗe baki na ce, “Baba, maganar ambulan ɗin nan…”

Ya ce, “Na'am?”

Na ce, “Ba komai. Cewa zan yi Allah ya sa alheri.”

Na kwana biyu a gida ban faɗa ba. Abin da na riƙa gaya wa kaina shi ne, ai kalmar tana da ma'ana da yawa, wa ya san wadda Bature ya ɗauka? Ai shi ma Turancin bai ishe shi ba. Ai ya ce ba matsala. Yawan ma'anonin nan da ya kamata ya tashe ni tsaye, shi na mayar wurin ɓuya; in gaskiya ta biyo ni wannan ɗaki sai in tsallaka wancan. Na ce mako mai zuwa zan faɗa. Ranar Laraba ina cikin aji ina koya wa yara jam'in kalmomi, sai na ji ƙamshin ƙasa, sai ruwa a kan kwano kamar da bakin ƙwarya. Yara suka yi ta murna. Kafin Juma'a maƙwabcin kawu ya shuka gero a gonar Bakura.

Ruwan dam bai zo a shekarar ba. Wannan ma wata muguntar ce, don ya ba ni lokaci na fara yarda da ƙaryata. Mangwaron Baba suka kama, suka yi ganye. Sai da aka gama bangon aka toshe gulbi, sannan ruwan ya fara tasowa, a hankali, ba hayaniya. Ya ci fadama, muka ce dama an san zai ci fadama. Ya wuce turakun ƙasa. Baba yakan kafa kara a bakin ruwan da safe, in ya dawo da yamma ya tarar karan yana tsakiyar ruwa. Ya aiko mini sau biyu yana tambaya yaushe za a zo a yi ganuwar. Na ce a gaya masa ana nan ana shiri.

Dawa ta fitar da kai, ba ta nuna ba, ruwa ya shiga cikinta. Ranar da na zo na tarar da mahaifina, mutum mai furfura, cikin ruwa har ƙugu, da lauje a hannu, yana yankan ɗanyar dawa yana jefawa cikin kwalekwalen aro. Dawar da ko tuwo ba za ta yi ba, sai dai a ba dabbobi. Na tuɓe farin wandona na shiga na kama masa. Muka yi ta yanka har kwalekwalen ya cika.

Maganar diyya ba zan shige ta ba, waɗanda suka fi ni sani sun faɗi abin da suka gani. Mu dai aka kwashe mu aka zube a wani fako mai tsakuwa, inda fartanya ke ƙara in ta taɓa ƙasa. Baba ya aje girma ya tafi Bakura. Kawu ya karɓe shi da mutunci, ya yanka masa kaza, ya ce masa ya riga ya ba da gona gaban shaidu, ba ya iya tashin mutum da iyalinsa. Gaskiyarsa ce. Innarmu ta daina zuwa gidan wanta daga ranar, kuma har ta rasu ba su koma kamar da ba.

A gari kuwa na samu laƙabi. In na wuce majalisa sai wani ya ce, “A gyara wa mai ambulan hanya.” Wani ya ce, “Malam, matata ta yi yaji, ko za ka sa mini ita cikin ambulan?” Waɗanda suka yi kabbara ranar nan su suka fi kowa dariya. Ban ga laifinsu ba, amma ban yafe musu ba.

Ɗan baffana na haɗu da shi a kasuwar Mafara, ranar Talata, wajen 'yan albasa. Ya yi ƙiba, ya sayi babur. Ya ce, “Malam, ashe haka abu ya zama? Wallahi na tausaya wa Baba.”

Na ce, “Riƙe tausayinka.”

Ya matso kusa da kunnena ya ce, “Ka san ko mai shara a sansanin nan ya san mi shuɗin layi ka nuhi? Ina tsaye bayanka kana godiya. Na ce bari in ga inda Turanci za ya kai ka.”

Na shaƙe shi. Sai da mutane suka ɓamɓare hannuna daga wuyansa, albasar wani bawan Allah ta watse cikin kwata. Ina huci ina ce masa ka san gonar za ta nutse ka yi shiru, kai ɗan halak ne kuwa? Yana gyara hula yana tari ya ce ai shi masinja ne, ba a aike shi ba. Daga ranar zumunci ya mutu, ban sake taka ƙofarsa ba, ko gaisuwar mutuwa. Amma abin da ya fi ci mini rai, duk zagin da na yi masa a kasuwar nan, ba ko ɗaya da bai dace da ni ba. Shi aƙalla ba ubansa ba ne.

Baba bai taɓa zagina ba. Da ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na samu sauƙi. Ya ci gaba da amsa gaisuwata, yana tambayar lafiyar yaran makaranta. Ya koma yin igiya da rama yana kaiwa kasuwa, mutumin da a da ake zuwa gidansa awon dawa. Bai san na gano gaskiya tun kafin ruwan shuka ba. Ya ɗauka kuskure ne kawai, kuma ban taɓa samun ƙarfin gaya masa ba.

Wata Asabar na zo gaishe shi a sabon matsugunin. Yana zaune a inuwar zana yana tufka. Muna cikin gaisawa sai ga mai unguwa ya aiko masa da wata takarda daga hukuma, da hatimi a kai, an buga ta da Turanci. Baba ya karɓa, ya juya ta gaba, ya juya ta baya. Na miƙa hannu, kamar yadda kowane ɗa zai yi.

Bai ba ni ba. Ya ninke ta biyu ya tura ƙarƙashin tabarma, ya ɗora gwiwa a kai. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da murzawa. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, kuma ba da faɗa ba:

“Malam, in ka koma Mahwara, ka bincika mani ko akwai wani mai jin Turanci, ya zo ya karanta mani wagga.”

Na ce, “To, Baba.”